Jagora Ga Mai Zaɓen Amfilifayar Lissafi Domin Da'irar Tarawa Mai Sauri

Tun da aka buɗe tashar wutar rana ta Malbaza mai megawat 7 a shekarar 2018, kuma musamman tun watan Agusta na 2023 da aka yanke wutar da ke shigowa ƙasar nan ta Nijar daga Najeriya, allunan sola da batura da inbata suka yawaita a gidaje da shaguna da garake, daga Birnin Ƙonni zuwa Galmi, daga Dogarawa zuwa Badagishiri, har ya kasance saurayin da jiya sana'arsa ba ta wuce gyaran rediyo da caja ba, yau shi ake kawo wa inbata da akwatin famfon sola na masu noman albasa, a ce ya duba. Wannan alheri ne babba. Sai dai a cikin waɗannan na'urori, da cikin waɗanda ɗalibai ke haɗawa da hannunsu domin jarrabawar ƙarshen shekara, akwai wata ƙaramar da'ira wadda take yawan kayar da masu fara koyo, kuma kusan kullum a wuri guda take kayar da su, wato wajen zaɓen amfilifayar lissafi, wadda ma'aikata ke yanke wa suna su ce ofam.

Masu kuskuren kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne wanda zai miƙa hannu cikin gwangwanin kayan gyara, ya ɗauko duk aisi mai ƙafa takwas da ya ci karo da ita, galibi LM358 ko tsohuwar 741 wadda kamfanin Fairchild ya fitar tun 1968, ya liƙa, bisa zaton cewa ofam ofam ce. Kashi na biyu shi ne wanda ya ji an ce aikin na sauri ne, sai ya aika Sakkwato ko Kano a sayo masa wadda ta fi kowacce yawan megahaz da tsada, ya liƙa, ta ɗauki zafi, ta ƙi aiki. Illar duka biyun guda ce: sun zaɓa kafin su yi hisabi. Manufar wannan rubutu ita ce a shimfiɗa hisabin daki-daki, tare da hujjar kowane mataki, domin wanda ya san illar hukunci ba ya mance hukuncin.

Abin da da'irar take yi

Da'irar tarawa, wadda littattafan makaranta ke kira intigireta, abubuwa uku ne rukunanta: rezista wadda sigina ke bi ta shiga ƙafar debewa ta ofam, da kwandansa wanda ke tsakanin ƙafar debewar da ƙafar fita, da ita kanta ofam ɗin, alhali ƙafar ƙari tana ɗaure da layin sifiri, wanda masu gyara ke kira mas. Aikin ofam shi ne ta riƙe ƙafar debewa daidai da ƙafar ƙari ko ana ha-maza-ha-mata, saboda haka duk kuran da ya ratso rezista ba shi da mafita sai cikin kwandansa, kuma adadinsa ba ya raguwa don kwandansa ya fara cika.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin madatsar Mozage da damina ya riga ya fahimci mas'alar: tsayin ruwan da ke cikin madatsar ba ya gaya maka yawan abin da Maggiya ke kawowa a wannan sa'a, yana gaya maka jimillar duk abin da ta kawo tun farkon cika, idan an debe abin da aka saki zuwa gonakin Ƙonni, kuma ɗan ƙanƙanin yoyo, muddin bai tsaya ba, a kwana a tashi sai ya sauya mizanin. Haka boltin da ke fita daga wannan da'ira yake, jimilla ne na abin da ya shiga a kan lokaci. Irin wannan hisabi na tara ƙanana marasa iyaka tsoho ne, domin Ibnul Haisam ya yi amfani da wani nau'insa a ƙarni na 11 wajen auna cikin wasu siffofi masu lanƙwasa. Abin da ya sabunta kawai shi ne yanzu ɗan baƙin dutse mai ƙafa takwas ke yin sa sau dubbai a sakan guda.

Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: saurin da fita ke hawa ko sauka daidai yake da boltin shiga a raba shi da R sau C. Idan aka ba ta sigina mai siffar murabba'i, sai ta mayar da ita alwatika mai miƙaƙƙun gefuna, wadda da ita ake yanka faɗin bugun da ke kunna taransistocin inbata. Idan kuma aka ba ta abin da ke fitowa daga naɗin Rogowski, wato zoben wayar nan mara ƙarfe a ciki da Walter Rogowski ya bayyana a Jamus a 1912, wanda ake rataya wa kebul don auna kuran ba tare da an yanke shi ba, sai ta dawo da ainihin siffar kuran ɗin, domin naɗin ba ya ba da kuran, saurin sauyawarsa yake bayarwa. Waɗannan ayyuka biyu su ne za mu riƙa kafa misali da su, kuma mai karatu zai ga cewa abin da yake wajibi a ɗaya, a ɗayan mustahabbi ne kawai.

Kayan da ake bukata

- Takardar bayani ta kamfanin da ya ƙera kowace ofam da ake tunanin saye. Ana samun su kyauta a intanet, kuma wanda bai karanta ba ba shi da hujja.
- Takarda da alƙalami da kalkuleta.
- Osilosukof wanda ya kai aƙalla 20 MHz, da sandar aunawa mai matsayin ×10. Mita ta hannu ba ta ganin laifuffukan da muke magana a kai.
- Mita ta hannu mai auna milibolt da miliamfiya.
- Abin ba da sigina murabba'i. Ko da NE555 aka haɗa, ya wadatar.
- Wuta mai tsayayyen bolt, zai fi kyau mai hannu biyu, ƙari da debewa.
- Kwandansoshi na C0G ko na folifirofilin, da rezistoci masu kuskuren kashi 1 cikin 100.
- Allon da'ira mai shimfiɗar tagulla, ƙarfen liƙi mai siririn baki, dalma, da sifirit na wanke allo.

Mataki na 1: Rubuta bukatarka da lambobi

Kafin a ambaci sunan kowace ofam, wajibi ne a rubuta abubuwa huɗu: firikwansin aiki, tsayin siginar fita daga ƙasa zuwa sama, boltin siginar shiga, da wutar da za ta ciyar da da'irar. Alal misali, muna son alwatika mai 20 kHz, domin ta wuce abin da kunnen ɗan Adam ke ji, kada inbata ta dami mutanen gida da ƙara. Tsayinta 10 V. Shigarta murabba'i ne mai 5 V sama da 5 V ƙasa. Zagaye guda a 20 kHz maikurosakan 50 ne, rabinsa hawa rabinsa sauka, ke nan fita za ta ci 10 V cikin maikurosakan 25, wato 0.4 V/µs. Wannan lamba ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Da a ce 100 kHz muke so, da lambar ta zama 2 V/µs, kuma da hukuncin ya sauya baki ɗaya, kamar yadda za a gani.

Mataki na 2: Fitar da R da C

Daga ƙa'idar da ta gabata, R sau C daidai yake da 5 a raba da 0.4, wato maikurosakan 12.5. Kwandansa mai 1 nF, wanda ake rubuta wa 102 a jiki, tare da rezista mai 12 kΩ, sun kusa isa, sai a cike ragowar da ƴar rezista mai juyawa. Mai tambaya zai ce, me ya hana a ɗauki 10 pF da rezista mai fiye da megohm guda, ko 100 nF da 125 Ω, tunda sakamakon ninkawar ɗaya ne? Amsa ita ce hisabi ya halatta, amma aiki ya hana. Idan kwandansa ya yi ƙanƙanta ainun, ɓoyayyen kwandansan da ke tsakanin layukan allo da ƙafafun aisi, wanda ya kai ƴan fikofarad, sai ya shiga cikin lissafi ba da izininka ba. Idan kuwa rezista ce ta yi ƙanƙanta, kuran da ke ratsa ta, wanda dole ƙafar fita ta ofam ta ɗauke shi, sai ya yi yawa: 5 V a kan 125 Ω miliamfiya 40 ne, ya fi ƙarfin galibin ofam. Matsakaicin da ya fi dacewa shi ne kuran ya kasance tsakanin ɗan ƙasa da miliamfiya guda zuwa biyu ko uku, kwandansa kuma kada ya gaza ƴan ɗaruruwan fikofarad.

Nau'in kwandansan ma sharaɗi ne. Ƙananan na yumɓu masu alamar X7R ko Y5V ƙimarsu tana sauyawa da zafi da kuma boltin da ke kansu, saboda haka gefen alwatika sai ya lanƙwashe ko da ofam ba ta da laifi. Na ruwa kuwa, masu siffar gwangwani, sam ba su halatta a nan ba, don suna yoyo kuma suna da gaba da baya. A nemi C0G, wanda kuma ake rubutawa NP0, ko folifirofilin.

Mataki na 3: Saurin hawa

Kowace ofam tana da iyakar saurin da fitarta ke iya motsawa, takarda tana yi masa alama da SR. Na LM358 kusan 0.3 V/µs ne, na 741 kuma 0.5. Bukatarmu 0.4 ce. Ke nan ta farko ta gaza a fili, ta biyu kuma tana tafiya ne a kan gaɓa, kuma duk ofam ɗin da aka kai ƙarshen saurinta ta daina riƙe ƙafar debewa a sifiri, wato ta saki rukunin da aka gina da'irar a kansa. Abin da za ka gani a gilashin osilosukof shi ne alwatika wadda ƙololuwarta ta dakushe, tsayinta ya gaza abin da ka lissafa, kuma ko ka juya ƴar rezistar nan har ƙarshe, gangarenta ba ya ƙara tsayuwa, domin yanzu ba R da C ke yanke hukunci ba, gajiyar ofam ce. Ƙa'idar ma'aikata ita ce a nemi wadda saurinta ya ninka bukata sau biyar, goma ya fi. TL081 mai 13 V/µs ta wadatar har da rara, a 20 kHz da kuma a 100 kHz.

Mataki na 4: Faɗin firikwansi

A nan ne da yawa ke tsayawa da murna, su ce TL081 ta gama magana, alhali saura sharaɗi na biyu na sauri, wanda takarda ke kira GBW, wato firikwansin da ƙarfin haɓakawar ofam ke saukowa ya koma ɗaya. Dalilin muhimmancinsa shi ne, ofam ba ta riƙe ƙafar debewa a sifiri sai da rarar ƙarfin haɓakawa, wannan rara kuwa tana raguwa gwargwadon hawan firikwansi. Ga shi kuma kaifin ƙololuwar alwatika ba daga firikwansin asali yake zuwa ba, daga ninkinsa na uku da na biyar da na bakwai har zuwa sama yake zuwa.

Akwai hisabi mai sauƙi. Raba ɗaya da 6.28 sau R sau C. A misalinmu zai ba da kimanin 12.7 kHz. Raba wannan da GBW, abin da ya fito shi ne kusan kuskuren gangaren. Da ofam mai 1 MHz kuskuren ya haura kashi 1 cikin 100, da TL081 mai 3 MHz bai kai rabin kashi guda ba. Amma idan aka koma 100 kHz, inda R sau C ya zama maikurosakan 2.5, lambar farko ta zama kusan 64 kHz, kuskuren TL081 ya wuce kashi 2 cikin 100, ƙololuwa kuma ta fara dakushewa. Saboda haka abin da ya fi aminci shi ne GBW ya ninka firikwansin aiki sau ɗari: 2 MHz ga 20 kHz, 10 MHz ko fiye ga 100 kHz. A nan ne LM318 mai 15 MHz, da OPA627 mai 16 MHz, da AD8065 mai 145 MHz suke shigowa.

Wata alama da ya kamata ɗalibi ya koyi gane ta ita ce ɗan tsinin da ke bayyana daidai kan ƙololuwa, a lokacin da murabba'in shiga ya juya. Sababinsa shi ne gefen murabba'in ya fi ofam sauri, sai ya ratsa rezista da kwandansa kai tsaye ya faɗo a ƙafar fita kafin ita ta farga. Maganinsa ɗayan uku ne: ƙara girman R tare da rage C, ko raba R gida biyu a sa ƙaramin kwandansa daga tsakiyarsu zuwa mas, ko ɗaukar ofam mafi sauri.

Mataki na 5: Natsuwa

Wannan shi ne matakin da ke kayar da masu kuɗi. A firikwansi mai tsawo kwandansa yana zama tamkar waya, wato duk abin da ya fita yana komawa ƙafar debewa ba ragi. Ke nan ofam ɗin tana aiki ne a matsayin haɓakawa ɗaya, kuma wajibi ne takardarta ta bayyana ƙarara cewa tana da natsuwa a haɓakawa ɗaya. Akwai ofam da yawa waɗanda da gangan aka rage musu linzami domin su ƙara gudu, aka kuma shar'anta kada a yi aiki da su ƙasa da wani mizani: OP37 da LF357 da OPA637 sai haɓakawa biyar, NE5534 sai uku idan ba a ƙara mata kwandansan daidaitawa ba, LM7171 sai biyu, OPA657 sai bakwai. Kowace cikinsu tana da ƴar'uwa mai natsuwa wadda lambarsu ta yi kusa, kamar OP27 da LF356 da OPA627 da OPA656, shi ya sa mai saye da gaggawa yake ruɗewa.

Akwai kuma wani jinsi dabam, wanda mayarwarsa ta kuran ce ba ta bolt ba, kamar AD811 da AD844. Lambobin saurinsu suna ɗaukar ido, amma natsuwarsu ta dogara ne ga rezistar da ke tsakanin fita da ƙafar debewa, kuma ɗora kwandansa kai tsaye a wannan gurbi, wanda shi ne ainihin ginin da'irarmu, yana jefa su cikin makyarkyata. Mai fara koyo ya nisance su a wannan aiki.

Alamar rashin natsuwa ita ce layin da ke gilashi ya yi kauri kamar an ja shi da gawayi, aisi ta yi zafin da yatsa ba ya jurewa alhali ba ta ɗauke da kaya, kuma siffar ta riƙa sauyawa idan ka kusanto da hannunka. Mita ta hannu ba za ta nuna maka komai ba, domin kaɗawar tana can cikin miliyoyin bugu a sakan.

Mataki na 6: Karkata da yoyo

Babu ofam ɗin da ƙafafunta biyu suke daidai ɗari bisa ɗari. Akwai ɗan bambanci na asali da ake kira Vos, wato karkata, kuma ƙafafun suna shan ɗan kuran da ake kira Ib, wato yoyo. Da'irar tarawa ba ta bambance wannan da sigina ta gaskiya, tara su take yi. Gwada da kanka: ɗaure shiga da mas, ɗora mita a fita, kunna wuta. Kafin ka ɗaga kai mita ta riga ta nuna fita ta manne da ɗaya daga cikin layukan wuta. Hisabinsa kuwa, karkata mai 3 mV a raba da maikurosakan 12 ya ba da 250 V a sakan, wato za ta ci 12 V cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na sakan. A lura da wannan da kyau: gwargwadon yadda ka ƙanƙanta R sau C domin neman sauri, gwargwadon haka karkata ke ƙara ƙarfi a kanka.

Shi kuwa yoyon ƙafafu, hanya mafi sauƙi ta auna nauyinsa ita ce a ninka shi da R, a kwatanta da karkata. NE5532, wadda masu gyaran amfilifayar masallaci da ta biki suka sani sarai, tana da 10 MHz da 9 V/µs, amma tana shan kimanin 200 nA, wanda a kan 12 kΩ ya zama 2.4 mV, ana rage wannan da sa rezista mai ƙima irin ta R a ƙafar ƙari. Masu shiga ta FET, irin su TL081, fikoamfiya ƴan gomomi kawai suke sha. Sai dai ga tanbihi ga mutanen ƙasarmu: lambobin takarda an auna su ne a digiri 25, kuma yoyon JFET yana ninkuwa biyu a kowane ƙarin digiri 10. Akwatin ƙarfe da aka kafa a garka a watan Afrilu, rana na dukansa, taransistoci na hura masa zafi daga ciki, ba abin mamaki ba ne ya kai digiri 65, inda yoyon ya ninka sau goma sha shida. A yi hisabi da zafin bazara, kada a yi da sanyin ɗakin gwajin Turai.

Yanzu ga bambancin ayyukan nan biyu. Idan da'irar tana cikin zagaye tare da mai kwatantawa wanda ke juya ta duk lokacin da ta kai iyaka, kamar a injin alwatika, karkata ba ta samun damar taruwa, 3 mV kuma a gaban 5 V ba komai ba ne. Can sauri shi ne wajibi. Amma idan tana tsaye ita kaɗai, kamar bayan naɗin Rogowski inda siginar ƴan milibolt ce, karkata ita ce babbar abokiyar gaba, kuma dole a ɗora babbar rezista a kan kwandansa domin ta riƙa zubar da abin da ya taru, ko a sa makunni irin CD4066 mai sauke shi lokaci-lokaci. Rezista mai 1 MΩ a kan 1 nF tana sa da'irar ta daina tarawa ƙasa da 159 Hz. Wannan ya dace da sigina mai 20 kHz, amma ya ɓata awon kuran mai 50 Hz gaba ɗaya. Sharaɗi shi ne wannan iyaka ta kasance ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na mafi ƙanƙantar firikwansin da ake son aunawa. Kada kuma a ruɗu da OP07 don karkatarta ba ta wuce 0.15 mV ba, domin saurinta bai wuce na LM358 ba. Ta dace da awon 50 Hz, ba ta dace da kallon bugun taransista ba. Inda ake bukatar duka biyun, ƙwararru sukan haɗa ofam biyu, mai daidaito tana gyara karkatar mai sauri.

Mataki na 7: Wutar ciyarwa

Galibin ayyukanmu batir mai 12 V ne ke ciyar da su, shi kuwa yana hawa ya wuce 14 V a lokacin caji, ya sauka zuwa 11 V da dare, saboda haka sai an sa mai daidaita bolt, an kuma ƙirƙiro tsakiya da za a ɗaure ƙafar ƙari a kai. Fitar TL081 ba ta kaiwa bakin layukan wuta, tana barin kamar bolt ɗaya da rabi a kowane gefe, ke nan alwatika mai 10 V ba za ta shiga cikin 12 V ba, sai a rage tsayinta ko a ƙara wuta. Tsofaffin TL081 kuma suna da wata muguwar ɗabi'a: idan ƙafar shiga ta kusanci layin debewa, fita takan kife ta koma ɗaya gefen. Ta wancan ɓangare kuma, da yawa daga cikin sababbin masu sauri ba su jure bolt mai yawa: AD8065 iyakarta 24 V ne jimilla, OPA656 kuma ta 5 V sama da 5 V ƙasa ce. Wanda ya cire 741 daga allo mai 15 V sama da ƙasa ya dasa ɗayansu, ya ƙona kuɗinsa a bugun farko.

Mataki na 8: Tabbatar da abin da ka saya

Jabun aisi ya yaɗu a duniya baki ɗaya, kuma mafi yawan dabararsa ita ce a goge lambar mai arha a buga ta mai tsada. Mai shago ma sau da yawa bai sani ba. Gwajin yana da sauƙi: ɗaure fita da ƙafar debewa kai tsaye, ba ƙafar ƙari murabba'i mai tsallen 10 V, ka duba tsawon lokacin hawa. TL081 ta gaskiya ba ta cika maikurosakan guda ba, 741 tana cin kamar ashirin, LM358 kamar talatin. Wanda ba shi da osilosukof a kusa ya auna kuran da take ci a zaune: TL082 ta gaskiya, wato TL081 mai ofam biyu, tana kusa da miliamfiya uku, LM358 kuwa ba ta cika guda ba. A kuma kula da jerin ƙafafu, domin mai ofam guda tana fita a ƙafa ta 6, tana shan wuta a ta 7, mai biyu kuwa tana fita a ta 1 da ta 7, tana shan wuta a ta 8.

Mataki na 9: Gini da gwaji

Ofam mai kyau a kan mugun gini ba ta fi mara kyau ba. A sa kwandansa mai 100 nF, wato 104, daga kowace ƙafar wuta zuwa mas, kusa da aisi har su kusa taɓa juna, da wani mai 10 µF a ɗan nesa kaɗan. Mahaɗar ƙafar debewa, inda R da C suka gamu, ita ce wuri mafi rauni a da'irar; a gajarce ta iyakar iyawa, a nisanta ta daga taransifoma da wayoyin taransistocin ƙarfi. Allon gwaji mai ramuka ya halatta ga TL081, amma ga mai 100 MHz makaruhi ne, sai allo mai shimfiɗar tagulla. Idan fita za ta bi doguwar waya, a sa rezista mai 50 zuwa 100 Ω a bakinta. Bayan liƙi a wanke allon da sifirit, domin ragowar man dalma idan ya haɗu da ƙurar hunturu sannan laimar damina ta sauka a kai, yakan buɗe hanyar yoyo wadda ta fi ta ofam ɗin kanta.

Kada a manta da mai kwatantawa. Jinkirinsa yana barin alwatika ta zarce iyakarta: LM393 mai jinkirin kusan maikurosakan 1.3, a gangaren 0.4 V/µs, tana ƙara rabin bolt a kowace ƙololuwa, ta kuma rage firikwansi. LM311 mai kusan 0.2 ta fi dacewa. Sau da yawa ofam ake zargi alhali laifin na maƙwabciyarta ne.

Tanbihi a kan haɗari

Manyan kwandansoshin inbata da na akwatin famfo suna riƙe 300 V zuwa sama bayan an kashe na'ura. A sauke su ta rezista mai ƙarfi, a auna da mita, sannan a sa hannu. Jerin allunan sola yana ba da ɗaruruwan bolt muddin akwai rana, kuma ba shi da makunni a jikinsa, sai an raba shi. Maƙalin mas na osilosukof mai aiki da wutar gida yana haɗe da ƙasa, kuma ɗora shi a ɓangaren babban bolt na inbata yana iya fasa taransistoci, ya ƙona na'urar awon, ya raunata mai riƙe da ita. A lokacin hunturu, da iska ta bushe har riga ke tartsatsi, a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauki ofam mai shiga ta FET, a kuma ajiye ta cikin ledarta ta asali.

Kammalawa

Hukuncin a taƙaice shi ne: ga alwatika mai 20 kHz, TL081 ko TL071 ta gaskiya ta isa, kuma sayen abin da ya fi ta almubazzaranci ne, ga 100 kHz zuwa sama, a nemi mai 10 MHz ko fiye wadda takardarta ta yi shaidar natsuwarta a haɓakawa ɗaya, ga awon kuran da naɗin Rogowski, a fara duba karkata kafin sauri, LM358 da 741 kuwa a bar su ga ayyukan da ba na gaggawa ba, inda har yau suke da amfani. Ya kai ɗalibi, kada ka aika kuɗinka kasuwa sai ka rubuta lambobi biyar a takarda: saurin hawan da kake bukata, GBW, mafi ƙanƙantar haɓakawar da ofam ke natsuwa a kai, karkatar da aikinka zai iya jurewa a zafin bazara, da boltin da za ka ciyar da ita. Idan maigidanka ya tambaye ka dalilin zaɓinka, ka miƙa masa takardar. Allah Ya sa albarka a sana'a.